Askar da Hoto Ya Share

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu. Ya cika a gidanmu na Madawa da hantsi, lokacin da ake cire albasa a fadama. Tsoho ne, ya ci zamaninsa, ya yi doguwar jinya kuma an yi masa ita yadda ya kamata. Da mutuwar ce kaɗai, da na yi masa addu'a na koma Kaita wurin 'yan makarantata. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne abin da ya faru a zaman makokinsa.

Baba mai hoto ne. Tun kafin a haife mu yake bin kasuwanni da kyamara, daga Madawa zuwa Sabon Gida, daga Urno zuwa Buza da Tabotaki. Shi ya sa masu gaisuwa suka zo da abin da ban taɓa gani a gidan mutuwa ba. Mutum zai durƙusa ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, sai ka ga ya sa hannu a aljihu ya fito da hoto. Wani tsohon direban kaminyo ya nuna mana kansa yana saurayi, ya jingina da ƙofar mota. Ya ce, "Shi yaɗ ɗauke ni. Ku diba, har haƙorana duka suna nan." Aka yi dariya, shi kuma ya share ido da hannun riga. Wata tsohuwa daga Urno ta aiko daga cikin gida da hoton ranar da ta fara ɗaura wani zane, wai a gaya mana jan zanen nan haka yake, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Wani Buzu da ban san shi ba ya zauna tun safe har azahar yana riƙe da hoton mahaifinsa. Da zai tashi ya ce duk ƙasar nan Baba kaɗai ya iya fito da shuɗin rawani yadda marina suka rina shi.

Tsofaffi ke nan. Samari kuwa salula suka fito da ita, kowa da hoton Baba da ya taɓa ɗauka a wurin suna ko a filin idi. Niyyarsu ta alheri ce. Suka riƙa miƙa wayoyin cikin gida don Inna ta gani ta ji sanyi, ita kuma ta karɓa duka ta duba duka, don ba ta iya mayar da hannun mutum ba. Ni ma na duba. A wata wayar Baba fari ne tas. A wata ya yi ja kamar an shafa masa jar ƙasa. A wata fuskarsa sumul take, ba tamoji ko ɗaya, tsoho ya koma ango. Baba kuwa baƙi ne wuluk, kuma yana da askar gidanmu, wadda wanzami ya yi masa yana jariri, ta taso daga gefen baki ta nufi kunne. A duk wayoyin nan babu inda askar ta fito sosai. Inda ta yi ƙoƙari, sai ka ga ɗan duhu-duhu a kumatu kamar datti.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka fara raguwa, Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta cikin kayan takaba, ga furar safe ba ta taɓa ba.

"Mushe, zamna," ta ce. Tun da na fara koyarwa haka take kirana, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, rabi girmamawa rabi tsiya.

Na zauna.

"Na rasa huskar babanku."

Na ce, "Inna, kamar ƙaƙa?"

"Tun da anka yi ta miƙo min salulan ga. In na ruhe ido in tuna shi, sai wani hwarin mutum mai sulɓi ya zaka shina yi min murmushi. Ban san shi ba. Ina kiran nawa, ya ƙi zakkuwa." Sannan ta ce, "Samo min hoto guda na gaskiya, kahin wancan ya zamna min ga ido."

Na ce to, don ba a ce wa uwa a'a a irin wannan hali. Amma da na fito tsakar gida na rufe ido na gwada, ni ma farin mutumin ne ya zo.

Bari in faɗi wane ne Baba kafin in faɗi yadda neman ya kaya.

Ya fara da akwatin baƙi-da-fari mai ƙafa uku, wanda ake shiga da kai cikin baƙin ƙyalle. Wannan ya mutu tuntuni. Waɗanda muka fi sani su ne kyamarori biyu masu launi da ya saya daga baya. Shi aparai yake ce musu. Duka daga Japan suka fito, amma ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, kuma Baba ya rantse ba halinsu ɗaya ba. Ya raɗa musu suna. Ɗaya Mai-kunya, ɗaya Mai-tsiwa.

Mai-kunya tana jan launi wajen ja. Tana sa fata ta yi ɗumi, tana tausasa inuwa, ƙurji ko tabo sai ta wuce shi kamar ba ta gani ba. Mai-tsiwa kuwa ba ruwanta. Baƙinta baƙi ne ƙirin, farinta yana kashe ido, koren ganyen albasa a wurinta har ya fi na gona. Duk wani layi da ke fuskar mutum sai ta fito da shi, wanda wanzami ya yi da wanda wahala ta yi. Ni da nake karatu a lokacin na ce masa ai inji inji ne, duka haske suke ɗauka. Ya kama ni ya tsayar a jikin katangar gidanmu, ya ɗauke ni da wannan, ya ɗauke ni da waccan, ya nuna mini. A ɗaya na fito kamar ɗan gidan masu hali. A ɗaya na fito yadda nake, da kunnuwana da komai.

"To, Mushen gobe," ya ce, "wanne na kai?"

Ya yi ta ba abokansa labarin har na gaji da ji.

Duk wanda ya zauna a kan kujerarsa tambaya ɗaya yake yi masa: "Yadda kake, ko yadda kaka so a gane ka?" Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, amma kowa sai ya zaɓa. 'Yan mata da masu neman aure Mai-kunya suke so. Maharba da tsofaffin soja da wasu tsofaffin mata masu taurin kai su ce a kawo Mai-tsiwa, ba su da abin ɓoyewa.

Ba ya ɗaukar hoto da tsakar rana ko za ka yi kuka. Ya ce rana in tana bisa kai rami take haƙa wa mutum a ido. Yana da wani faifai da ya liƙe da farar takardar kwalin shayi mai ƙyalli, sai ya ba wanda ya rako ka ya riƙe a gefe don haske ya dawo kan fuska. In an tambaye shi amfanin faifan sai ya ce, "Waɗanda sunka ƙera aparai ba su da baƙƙin mutum kusa lokacin da sunka gwada ta. Sai an taimake ta ta gane mu." Haka kuma yake rigima da masu wanke hoto na Ƙonni. In suka haskaka masa mutane sai ya mayar musu da aikin, ya ce shi Adarawa ya kawo, a ba shi Adarawansa.

Akwai wata shekara da damina ta ƙi, hatsi ya yi wuya. Ina tare da shi a kasuwar Sabon Gida, na zo hutu, sai wata mata ta zo da yaro a goye. Mijinta ya tafi cin rani can bakin teku, ya aiko yana son ya ga ɗansa da bai taɓa gani ba. Da ta sauke yaron na kau da kai. Gashinsa ya yi ja, fatarsa ta yi toka-toka, wuyan kamar ba zai riƙe kan ba. Ranar Baba bai yi tambayarsa ba. Ya ɗauko Mai-kunya, ya sa matar ta jira har rana ta karkata, ya cire hularsa ja ya ɗora wa yaron, ya ce ta rungume shi ta yadda zane zai rufe hannuwan. Ya ba ni faifan na riƙe. Da hoton ya fito, yaro ne mai jini a jika yana kallon uwarsa. A hanyar gida na ce, "Baba, wannan ai ba shi ba ne." Ya ce, "Mutum shina can shina ɗaukar kaya bisa kai don yaron ga. In ya ga gaskiya, ƙahwahunshi ba su ɗaukar shi." Daga baya muka ji yaron bai kai kaka ba. Baba ya ji labarin yana cin tuwo, ya wanke hannu ya tashi. Har ya mutu bai yarda an sake tayar da maganar ba, kuma ban san ko ya ɗauki abin da ya yi alheri ko akasinsa ba. Ni dai alheri na ɗauke shi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne masu zuwa hoton katin shaida su rage murya su ce a yi musu da Mai-kunya, kuma a juya su ta yadda aska ba za ta fito ba. Kakanninmu al'adar gargajiya suke bi kafin Musulunci ya game ƙauyukan Adar, kuma akwai askar da in ɗan birni ya gani sai ya ce Azne ne, ko da goshin mai ita ya yi baƙi don sujada. Mai neman aiki a bariki ko mai shirin ƙetare iyaka ba ya son wannan kallon. Baba ba ya musu, yana yi musu yadda suke so. Sai dai ranar in ya dawo gida ba ya hira. Shi liman yake bar wa jan sallah in zai yi tafiya, amma bai taɓa jin kunyar fuskarsa ba. Yakan ce da ita uwarsa ta gane shi cikin yara, da ita kuma Inna ta amsa masa.

Duk da haka mu 'ya'yansa ba wanda aka yi wa aska. 'Yan'uwansa na ƙauye sun yi fushi da shi a kan haka, har wasu suka daina zuwa sunan gidanmu. Na girma ina ganin abin bai haɗu ba, mutumin da ke faɗa da inji don ya share aska shi ne ya hana wanzami taɓa 'ya'yansa. Wata rana na tambaye shi. Ya ce, "Na ga mazaje da gemu suna roƙona in ɓoye musu huska. Ban son ɗiyana su roƙi kowa haka." Ya shafa kumatunsa ya ƙara da cewa, "Tawa ta ishe mu duka." A lokacin ban kawo a raina cewa in ya tafi da ita ba sauran wata a gidan ba.

Rigimarsa da Yaya, babban wanmu da ke aiki a Yamai, a kan salula ce. Lokacin sana'ar ta riga ta mutu, kowa ya zama mai hoton kansa, Baba ya nannaɗe aparai biyun ya sa a akwati. Yaya ya zo sallah da wata waya mai tsada, ya sayo ta musamman don tsoho ya ga inda zamani ya kai. Ya zaunar da shi a zaure da sabuwar riga, ya ɗauke shi, ya miƙa masa cikin murna a gaban baƙi. Baba ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya ce, "Wane Balarabe na wanga? Ku ba shi ruwa, baƙo na." Mutane suka fashe da dariya. Yaya ya ce ai wayar gyara mutum take yi. Baba ya ce, "Wa yac ce mata na lalace?" Ya tura masa abarsa. Yaya mutum ne mai zuciya, kuma da gaske ya so ya faranta masa. Ya koma Yamai washegari bai yi sallama ba, suka daɗe ba su yi magana ba sai ta bakin Inna. Sun shirya kafin jinya, amma ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. A gidanmu ba a iya wannan ba.

To, wannan shi ne mutumin da aka ce in nemo hotonsa na gaskiya.

Na fara da akwatinsa. Baba bai taɓa yarda wani ya riƙe masa kyamara ba, har mu, don haka ban sa rai sosai ba. Batirin Mai-tsiwa ya kumbura, ba ta tashi. Na cire katin da ke cikinta na kai wa wani mai gyaran waya a bakin tasha ya buɗe mini. Mutane ne cike, rabi na san su, da yawa sun mutu, kowa da askarsa da tamojinsa raɗau kamar zai yi magana. Baba ba ya ciki. Wuri ɗaya kawai na same shi, a hoton wasu manoma a kan fako wajen Buza, rana tana bayansa, inuwarsa ta miƙe a jar ƙasa har ƙafafunsu, da hula da gwiwar hannu a ɗage. Na daɗe ina kallon inuwar nan har mai gyaran ya tambaye ni ko lafiya.

Na duba katin shaidarsa. Na'urar bariki ce ta ɗauke shi, ita kuma ta yi kishiyar abin da salula ta yi, ta dunƙule shi baƙi ƙirin, idanu biyu kawai ake gani da farar hula. Na da can, na zamanin baƙi-da-fari, gara ta cinye su tare da wasu takardu shekarar da ɗakin ya yi yoyo.

Na hau babur na tafi ƙauyen kakanninmu a bayan Tabotaki. Aka kai ni wurin wani tsoho, ɗan wan kakanmu, wanda aka ce shi kaɗai ya rage da askar gidan. Ya makance, yana zaune a gindin bishiyar bedi. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya ya ce, "Ku da kunka ƙi ta, yanzu ita kuka biɗa?" Amma ya juyo mini da kumatunsa. Na ɗauke shi ta kowane gefe da tawa wayar, na kashe duk wani abin gyara da na san yadda ake kashewa. Na kawo wa Inna. Ta duba ta ce, "Askar ta yi kama. Mutumen ba shi na ba." Ta miƙo mini da sauri, kamar tana tsoron shi ma ya shiga idonta.

Ana cikin haka, gab da sadakar arba'in, saƙon Yaya ya iso a motar Yamai. Hoton nan ne na zaure, na ranar sallah, ya sa an faɗaɗa shi an sa a gilashi, an ƙara masa koren fili da furanni a baya. Na san kuka ya yi kafin ya aiko shi, don shi kaɗai ne hoton da ya taɓa ɗaukar mahaifinsa da hannunsa. Yara suka shiga da shi ɗakin Inna suna murna kafin in tare su. Da na shiga na tarar an jingina shi a bango, farin mutumin yana murmushi, Inna kuma ta juya masa baya tana kallon ƙofa.

"Hitar da shi," ta ce. "Kai shi zaure. Kar ka hwaɗa ma wanka."

Na kai shi na dawo. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, na biɗa ko'ina. Babu." Ban taɓa jin na gaza kamar ranar ba. Mutumin da ya adana fuskokin rabin ƙasar Adar, ga matarsa tana roƙon tasa, ni kuma na zo hannu wofi.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa ƙyalle a kasuwa. Sannan ta ce, "Matso. Cikin ɗiyana kai kaɗ ɗauko ƙashin huskarshi."

Na matsa. Rabon da Inna ta taɓa fuskata tun ina goye. Ta rufe ido. Ta ce watannin nan da hannuwan Baba suka mutu, ita take yi masa alwala, safe da rana da maraice, ita take wanke masa fuska. Ta ɗora yatsa a gefen bakina. Sai yatsan ya fara tafiya. Ya ja layi zuwa kunnena, ya dawo, ya ja wani a ƙarƙashinsa, ya dawo, a hankali, ba kuskure, kamar mai bin hanyar gona. Ta koma ɗaya kumatun. Can wajen tsakiya yatsan ya ɗan karkace ya yi ƙasa, na ɗauka zamewa ya yi.

"Nan ta goce," ta ce, idonta a rufe. "Ya motsa ga hannun wanzami. Tun shina jinjiri ba shi zamnawa wuri guda."

Sai na ga bakinta ya fara motsi, ta tallabe fuskata da hannu biyu. Na buɗe baki zan yi magana.

"Yi kurum," ta ce. "Kar ka motsa. Ga shi nan ya zaka."

Ban motsa ba. Na durƙusa a nan har ƙafafuna suka mutu, tana riƙe da ni tana yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa, Allah ya haskaka kabarinsa, ya tashe shi da fuskar da ya ba shi. Ni kuma ina amsa amin a zuci, don ta hana ni buɗe baki.